Nama Ya Ƙi Laushi, Kifi Ya Dagargaje: Nazarin Hanyoyin Girki da Kayan Aiki a Gida Guda

Gidan da wannan nazari ya shafa na mutum shida ne: maigida da uwargida, waɗanda dukansu ma'aikata ne da ba sa dawowa sai yamma ta yi, da yara uku, da mahaifiyar maigidan, dattijuwa wadda haƙoranta suka yi rauni har ta daina cin duk naman da bai yi luguf ba. Girkin dare yana hannun uwargidan da babbar 'yarta, kuma lokacin da suke da shi tsakanin dawowa gida da zama cin abinci bai cika wuce awa ɗaya ba. Ƙorafin gidan uku ne, kuma sun daɗe suna maimaituwa. Naman shanu yana fitowa da tauri ko da an ɓararraka shi, kifi yana manne wa kasko ya dagargaje kafin ya kai faranti, sannan cinyar kaza takan yi ja a waje alhali kusa da ƙashi da sauran jini-jini.

Ma'auratan sun yarda akwai matsala, amma sun saɓa a kan maganinta. Uwargidan tana son a sayi na'urar suya da iska mai zafi, wadda ta ji ana yabawa, shi kuwa maigidan yana ganin babban abin gashi na gawayi ne zai raba gardama, kuma kuɗin da suka ware ba zai kai ga sayen biyun ba. A kan haka aka nemi shawarata, ni kuma na gindaya sharaɗin kada a sayi komai sai an ga yadda ake aiki da abin da ke ɗakin girkin tukuna. Abin da ke ciki ba kaɗan ba ne: murhun gas mai kai huɗu da oben a ƙasansa wanda ba a cika kunnawa ba, tukwanen alminiyom marasa kauri, kasko mai rufin hana kamu wanda cokali ya kakkarce, wani kasko na baƙin ƙarfe mai nauyi da aka tura ƙarshen kabad saboda tsatsa, tukunyar matsin tururi da aka ba su kyauta ba a taɓa ɗora ta a wuta ba don tsoron fashewa, maikirowef, da ƙaramin murhun gawayi mai raga. Ma'aunin zafi ne kaɗai babu.

Yadda ake dafa naman

Naman da gidan ke saye yawanci na ƙwauri ne da kafaɗa da wuya. Yarinyar takan wanke shi, ta zuba a tukunya da ruwa mai yawa, ta ƙure wuta, ta bar shi yana tafasa kamar minti hamsin, sannan ta tsame ta soya a mai har ya yi duhu. Da mahaifiyarta ta ɗanɗana ta ce bai yi ba, sai ta amsa da cewa, "Umma, wallahi na ƙure wutar, babu sauran inda zan murɗa." Gaskiya ta faɗa, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas komai ƙarfin wutar, a wurare masu tudu ma ba ya kaiwa, domin yana raguwa da kusan digiri ɗaya a kowace mita 300 da aka hau. Ƙarin wuta bayan ruwa ya tafasa ƙone gas ne kawai da ƙafar da romo.

Kusan kashi 75 cikin 100 na tsokar nama ruwa ne, wanda zaren furotin ke riƙe da shi. Waɗannan zaruruwa suna fara ƙanƙancewa tun daga wajen digiri 50, kuma idan zafi ya haura 60 sai farar jijiyar da ta naɗe su, wadda ake kira kolajin, ta takure ta matse ruwan waje kamar yadda ake matse jiƙaƙƙen tsumma. Idan aka ci gaba da dafawa cikin danshi, wannan kolajin ɗin yakan narke a hankali ya koma jelatin, abin nan da ke sa romo ya yi kauri ya daskare idan ya huce, kuma shi ne ke mayar wa nama laushi da santsi a baki. Narkewar tana bukatar zafi, amma ta fi bukatar lokaci. Ƙwauri da wuya da kafaɗa su ne sassan da dabba ta fi aiki da su, don haka sun fi kowane sashe yawan kolajin, kuma minti hamsin na tafasa yana tsayar da su daidai a mafi munin matsayi, wato ruwan tsoka ya fita, jijiya kuma ba ta narke ba. Suyar da ake bi da ita sai ta ƙarasa busar da abin da ya rage.

Don a gani da ido, an raba ƙwauri guda kashi uku aka dafa ta hanya uku. Kashi na farko an bar shi a tukunyar alminiyom a rufe, a kan wuta ƙasa-ƙasa yadda ruwan ke ɗan motsi kawai. Ya yi laushi bayan kusan awa uku, amma sai da aka tsaya a kansa ana juyawa ana ƙara ruwa, domin gindin tukunyar ba shi da kauri, wurin da harshen wuta ke taɓawa yana saurin kamu. Kashi na biyu an sa shi a irin wannan tukunya, mai hannun ƙarfe, aka rufe aka tura oben a kan digiri 150. Lokacin da ya ɗauka bai bambanta sosai ba, sai dai babu wanda ya tsaya a kansa, bai kuma kama ba, saboda zafin oben yana zagaye tukunya ta kowane gefe, wanda hakan ke rufe aibin tukunya mara kauri. A ɗanɗano shi ne ya zo na ɗaya, romonsa ya tattaru ya yi ƙarfi, saman naman da ya leƙo daga ruwa kuma ya yi launin ƙasa mai ƙamshi.

Kashi na uku shi ne na tukunyar matsi, kuma sai da aka sha fama kafin uwargidan ta yarda a ɗora ta. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya ƙera ta farko a Landan a 1679, yana tausasa ƙashi da ita, kuma shi ne ya sa mata bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi yawa. Idan aka hana tururi fita, matsi yakan ƙaru a ciki, ruwa kuma ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120 a irin waɗanda ake ɗorawa a murhu, masu aiki da lantarki kuwa sukan tsaya ƙasa da haka kaɗan. Wannan ƙarin digiri ashirin shi ke rage awa uku zuwa kimanin minti 45. Tukwanen zamani suna da mafitar tururi fiye da ɗaya da makullin da ke hana buɗe murfi muddin akwai matsi, kuma galibin haɗarin da ake jin labari yana zuwa ne daga toshewar mafita, ko cika tukunya fiye da kashi biyu cikin uku, ko robar murfi da ta tsufa. Robar ta gidan ta bushe ta tsattsage don ajiya, sai da aka sauya ta. An kuma bar tukunyar ta huce da kanta bayan an kashe wuta, domin sakin tururi farat ɗaya yana sa ruwan ciki ya ɓararraka da ƙarfi, naman ya wargaje ya bushe. Da aka buɗe, cokali kawai aka sa aka raba tsokar. Dattijuwar ta ci, ta dubi surukarta ta ce, "'Yar nan, wannan kam ko babu haƙori a ci shi." Romon bai kai na oben ƙarfi ba, tunda babu ruwan da ya ƙafe, amma minti goma a buɗe a kan wuta sun gyara wannan.

An yi maganar tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, irin wadda ta yaɗu a Amurka tun 1971 da sunan Crock-Pot, wadda ake kunnawa da safe a dawo a tarar da nama ya nuna. Ta dace da ma'aikata, amma tana bukatar wuta ta zauna awa shida zuwa takwas ba yankewa, ba ta ba nama launi, kuma ba a sa mata daskararren nama saboda yakan daɗe a ɗumin da ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Gidan da ke da tukunyar matsi ba shi da dalilin sayenta.

Gyara na biyu a kan naman shi ne juya tsarin aikin, a fara suya sannan a dafa. Launin ƙasa da ƙamshin gasasshen nama suna fitowa ne daga haɗuwar furotin da sukari a zafi mai yawa, abin da masanin sinadarai Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma ba ya kankama sai saman nama ya haura wajen digiri 140. Jiƙaƙƙen nama ba zai kai nan ba sai ruwan samansa ya ƙafe, shi ya sa ake tsane shi da tsumma mai tsabta, a kuma jera shi da tazara a kasko maimakon a jibga, don idan aka jibga sai ya zubo da ruwa ya koma dahuwa. Akwai tsohuwar magana cewa wannan suya tana toshe ƙofofin nama ta hana ruwansa fita, wadda Bajamushen nan Justus von Liebig ya yaɗa a 1847. Ba haka ba ne, ƙarar da ake ji a kasko ma ruwan naman ne ke fita yana ƙonewa. Amfanin suyar ɗanɗano ne, kuma idan aka yi ta da farko, abin da ya kama a gindin tukunya yakan narke ya shiga romo maimakon ya tafi da man suya.

Kasko da kifi

A nan ne kaskon baƙin ƙarfen ya shigo. An goge tsatsarsa, aka busar da shi a wuta, aka shafa masa mai siriri ƙwarai, aka kifa shi a oben mai zafi na awa guda har man ya ƙone ya zama baƙin rufi mai sulɓi. Baƙin ƙarfe ba gwanin watsa zafi ba ne. A ma'aunin da injiniyoyi ke aiki da shi, jan ƙarfe yana wajen 400, alminiyom wajen 235, baƙin ƙarfen zubi wajen 50, ƙarfe mara tsatsa kuwa wajen 15. Abin da ya fi sauran da shi nauyi ne, domin yana tara zafi mai yawa, idan aka ɗora masa nama mai sanyi ba ya hucewa nan take yadda siririn alminiyom ke yi. Sharaɗinsa a ba shi minti biyar ko fiye a matsakaiciyar wuta kafin a sa komai, in ba haka ba tsakiyarsa ta yi zafi gefensa na sanyi. Kasko mai rufin hana kamu kuwa, wanda sinadarinsa Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938, ba a yi shi don wuta mai ƙarfi ba, rufin yana fara lalacewa idan zafi ya wuce digiri 260, kuma na gidan ya riga ya karce har ya daina aikin da aka saye shi dominsa.

Matsalar kifi kishiyar ta nama ce, amma gidan yana yi musu magani iri ɗaya, wato ƙarin wuta da ƙarin lokaci. Tsokar kifi gajerun zaruruwa ce da aka jera falle-falle, tsakaninsu akwai kolajin ɗan kaɗan wanda ke narkewa a zafin da bai kai na naman dabba ba. Don haka kifi ba shi da taurin da za a jira ya saki, abin da kawai dogon girki ke yi masa shi ne ya raba fallayen ya kuma busar da su. Na tsaya na kalli yadda ake soya shi: daga firji zuwa famfo, daga famfo zuwa kasko yana ɗigar ruwa, gunduwa shida a matse a man da bai gama zafi ba, ana kuma tura cokali ƙarƙashinsa tun bai yi minti ɗaya ba. Furotin ɗin ɗanyen kifi yana manne wa ƙarfe da zarar ya taɓa shi, ba ya kuma saki sai gefen ya gasu ya yi ɓawo. Duk wanda ya ɗaga kafin lokacin zai bar fata a kasko.

An sake gwadawa da gunduwa uku kacal, an tsane su sarai, an barbaɗa gishiri, aka jira mai ya fara sheƙi a baƙin kaskon, sannan aka kwantar da su ta gefen fata aka ɗan danna na daƙiƙa kaɗan don kada su lanƙwashe. Yarinyar tana riƙe da cokali hannunta na ƙaiƙayi. "Malama, zai ƙone fa," in ji ta. Na ce ta dubi gefen gunduwar, inda farin dahuwa ke hawa daga ƙasa zuwa sama, ta jira ya wuce rabi. Da ya wuce, kifin ya saki kaskon da kansa, aka juya shi sau ɗaya, ɗaya gefen bai ɗauki rabin lokacin na farko ba. Akwai ƙa'idar da hukumar kamun kifi ta Kanada ta yaɗa, cewa a ba kifi minti 10 a kan kowace santimita biyu da rabi ta kaurinsa a wurin da ya fi kauri. Ƙiyasi ne, yakan ɗan zarce ga siririn yanka, amma ya nuna wa gidan cewa rabin awar da suke yi ta wuce kima nesa ba kusa ba.

Sai dai suya a kasko tana da iyaka ga mutum shida, tunda sai an yi zubi biyu, na farko ya huce kafin na biyu ya sauka. A nan oben ya fi, domin babban kifi sukutum ko gunduwa shida a tire ɗaya, a kan digiri 200, suna nuna lokaci guda ba tare da juyawa ba, ba fantsamar mai, ƙarni kuma bai cika ɗaki ba. Turarawa ita ce ta fi dacewa da farin kifi mara maiƙo, wanda ke saurin bushewa, kuma ita dattijuwar ta fi so saboda laushi da sauƙin zare ƙaya. Maikirowef, wanda gidan ya mayar na ɗumame kawai, yana dafa siririn yankan kifi da kyau cikin 'yan mintuna idan aka rufe kwanon, amma ba ya raba zafi daidai, gefe yakan riga tsakiya, kuma ba ya ba da launi ko kaɗan. Kifi mai maiƙo irin su salmon da makarel da sardin ya fi jure wuta mai ƙarfi, shi ne na gashi. Abu ɗaya da babu kayan aikin da ke gyarawa shi ne kifin da ya kwana ba sanyi: makarel da tuna sukan tara sinadarin histamin, mai sa wanda ya ci rashin lafiya, idan aka bar su a ɗumi, kuma dahuwa ba ta kashe shi.

Na'urar iska da abin gashi

Uwargidan ta aro na'urar suya da iska daga wata abokiyar aikinta don a gwada kafin a saya. Kamfanin Philips ne ya fito da irinta a wani baje koli a birnin Balin a 2010, kuma duk da sunanta ba suya take yi ba, ƙaramin oben ne mai fanka mai ƙarfi da ke kaɗa iska mai zafin da ya kai wajen digiri 200 a kan abinci. Saboda ƙanƙantarta tana yin zafi cikin minti biyu ko uku, iskar kuma tana busar da saman abinci da sauri, shi ya sa fiffiken kaza da cinya da kifi mai maiƙo suka fito da fata mai ƙaras-ƙaras da mai cokali ɗaya. Nan ta burge kowa. Amma kwandonta bai ɗauki fiye da cinya uku ko huɗu ba tare da an ɗora wata kan wata ba, idan kuwa aka ɗora iska ba ta ratsawa, don haka abincin mutum shida sai an yi zubi biyu ko uku, lokacin da aka ce za a rage ya dawo. Farin kifi mara maiƙo ya bushe a cikinta, kifin da aka tsoma a ruwan ƙullu ya ɗiga ta ramukan kwando, ƙwaurin sa kuwa ya fito ya fi na da tauri, kamar yadda ake tsammani daga busasshen zafi. A ganina na'ura ce mai kyau ga gidan mutum biyu ko uku, amma daga ƙorafi ukun nan na kaza kawai ta taɓa, kuma oben ɗin da ke zaune ba aiki yana iya yin wannan.

Hujjar maigidan ita ce ɗanɗano, kuma a nan yana da gaskiya. Garwashi yana gasa nama da zafin da ke fitowa kai tsaye daga jikinsa, wanda ya fi na kowane kasko, kitsen da ke ɗiga yana ƙonewa kuma hayaƙinsa na komawa jikin naman, abin da oben ko na'urar iska ba za su kwaikwaya ba. Tsokar gadon baya, wadda dabba ba ta wahalar da ita, ta yi kyau ƙwarai a ƙaramin murhun da suke da shi, musamman da aka tara garwashin a gefe ɗaya aka bar ɗaya gefen ba wuta, ana fara gashi a mai zafin a ƙarasa a mai sanyin. Amma gawayi yana cin minti ashirin zuwa talatin kafin ya zama garwashi, ba kuma a hura shi a cikin ɗaki ko a rufaffen wuri, domin yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Haka nan hayaƙin kitse da baƙin ƙuna suna ɗauke da sinadaran da ake dangantawa da cutar daji, wanda ya sa ake rage kitse, a hana harshen wuta lasar nama, a kuma kankare inda ya ƙone. "Ai ni dama don ranar hutu nake so," in ji maigidan da ya ga lissafin lokacin, uwargidan kuwa ta ce, "Baban yara, na ranar hutu ai ga shi nan muna da shi." Akwai kuma hanyar dafa nama a cikin leda a ruwan da na'ura ke tsayar da zafinsa daidai, wadda masu girki a Faransa suka bunƙasa a shekarun 1970, amma tana cin awoyi, ba a daɗe a kanta ba.

Kaza da ma'aunin zafi

Batun kaza ne ya fi ba gidan mamaki, domin da aka kawo ma'aunin zafi mai allura sai ya bayyana cewa matsala biyu ce ake yi wa kallon ɗaya. Wasu cinyoyin da ake mayarwa wuta saboda ja a jikin ƙashi sun riga sun nuna. Ƙashin ƙananan kaji bai gama ƙwari ba, launin ɓargo yakan tsattsafo ya rina tsokar da ke kusa, musamman idan kazar ta sha firiza, kuma wannan jan ba ya gushewa da dahuwa. Wasu kuwa da gaske ba su nuna ba, waɗanda aka jefa a mai tun cikinsu da sauran ƙanƙara, waje ya yi duhu ciki na sanyi. Ido ba ya iya raba waɗannan biyun. Ma'aikatar noma ta Amurka ta sa digiri 74 ga kaza da sauran tsuntsaye, 63 ga gunduwar naman sa ko na rago tare da hutun minti uku, 63 ga kifi, da 71 ga niƙaƙƙen nama, wanda ya fi gunduwa saboda niƙa tana shigar da ƙwayoyin cutar da ke sama zuwa ciki. Ana soka allurar a wurin da ya fi kauri ba tare da ta taɓa ƙashi ba, ana kuma gwada gaskiyar ma'aunin a ruwan ƙanƙara, inda ya kamata ya nuna sifiri.

Ma'aunin ya koya musu abu biyu da ba a lura da su ba. Ƙirjin kaza yana bushewa da zarar ya wuce 74, alhali cinya, mai kolajin da kitse, ta fi daɗi idan ta kai wajen 80, don haka ba a sauke su tare. Sannan kauri ya fi nauyi muhimmanci wajen lissafin lokaci, domin idan kaurin yanka ya ninka biyu, lokacin da zafi ke ɗauka ya kai tsakiya yakan ninka kusan huɗu, kuma babban yanka yana ci gaba da nuna bayan an sauke shi, don haka ana cire shi da sauran 'yan digiri. Daga nan aka koma narkar da kaza a firji tun daren jiya, a fara ta a baƙin kasko ta gefen fata, a tura kaskon oben ta ƙarasa.

Abin da aka saya a ƙarshe shi ne ma'aunin zafi, robar murfin tukunyar matsi, siririn cokalin juya kifi, da sabon kasko mai rufin hana kamu wanda aka keɓe wa ƙwai da kifi mara fata a matsakaiciyar wuta. Baƙin kaskon ya kawo nasa rigimar: yana da nauyi, yana tsatsa idan aka bar shi a jiƙe, kuma da aka daɗe ana dafa tumatir a cikinsa tsamin ya cinye rufin ya bar ɗanɗanon ƙarfe, sai da aka sake shafa mai aka gasa shi.

Sabon tsarin ya haifar da wata bukata da ba a yi tunaninta da farko ba, wato ajiya. Tunda tukunyar matsi tana ɗaukar naman kwana uku a zubi ɗaya, uwargidan ta koma dafa shi da yawa, kuma a karon farko ta bar tukunyar a rufe a kan murhu har safe. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke saurin yaɗuwa, babbar tukunya a rufe kuma takan yi awoyi a wannan tsakanin kafin ta huce. Yanzu ana juye naman da romonsa a faffaɗan mazubai marasa zurfi, a sa a firji kafin awa biyu ta cika, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu, abin da zai wuce haka a kai firiza, kuma idan za a ci sai an ɗumama shi ya kai 74. Naman ƙwauri yana jure wannan, har yakan fi daɗi washegari saboda jelatin ya ratsa shi, kitsen da ya daskare a sama kuma ana kwashe shi da cokali cikin sauƙi. Kifi ba ya jure ɗumame, yakan bushe ƙarninsa ya tashi, don haka shi ana dafa daidai wanda za a ci ne a daren, a ranakun da uwargidan ta riga kowa dawowa.